Munira Ta Kori Biri

Inna,

Gaisuwa daga Kumasi. Yaya ƙafarki, yaya mutanen Cadakori? Muna lafiya. Aiki ya ɗan ja baya, amma ba ma kwana da yunwa.

Albishirinki! Da hutun lakol na kai yara gandun namun daji, muka kwana a tanti, har giwaye muka gani. Da safe wani ƙaton biri ya nufo abincinmu, ni kaina na daskare. Sai jikarki Munira ta sunkuci kwano tana bugawa, tana kuwwa yadda kika koya mata korar tsuntsaye a gonar gero bara. Biri ya arce!

Ki sa mana albarka. Kawu Labo kuma, da ke kiran ta 'yar birni mai tsoron akuya, ya nemo mata sabon suna.

Ɗanki,
Hashimu