Kalma a jikin kwalbar gyaɗa ta tono asalinmu

Malama Fauziyya, don Allah ki agaza mini, kwana shida ke nan na kasa rubuta ko layi ɗaya.

Shekarata arba'in da biyu, a Limancin Kona nake. Tun ina sakandare nake rubuta abin da ya faru kullum, a bayan littafin kuma ina tara salsalar gidanmu saboda yara. Wataƙila bin diddigin nan ne ciwona.

Maƙwabcina ya dawo daga Holan da tsarabar kwalbar niƙaƙƙiyar gyaɗa, an rubuta "pindakaas" a jiki. Na bincika a waya. Kalma biyu aka haɗa. "Kaas" cuku ne, daga Latin. "Pinda" gyaɗa ce, asalinta "mpinda" a harshen Kikongo na ƙasar Kongo. Bayin da aka kwasa a jirgin ruwa zuwa Suriname, ƙasar da Holan ta mallaka a Kudancin Amurka, suka tafi da ita a bakinsu, daga can ta shiga yaren Holan. Sau uku na duba, don ban yarda da kaina ba.

Na je ina ba Yaya Rahmatu labari tana suyar ƙuli-ƙuli, ina ta tausaya wa bayin. Sai ta ce ba sai na je Suriname ba, kakar mahaifiyarmu ma sayo ta aka yi, ita ta kawo sana'ar man gyaɗa gidan. Matan gida duk sun sani, uwa ke gaya wa 'yarta a bakin kasko, maza ba a gaya musu. Innalillahi! Ni da na cika shafi tara na salsalar da sunayen malamai!

Yaya ta ce in na rubuta, ta daina taka gidana, don ana neman auren 'yarta Sumayya, kuma a cikin birni ana bin asali. Ni kuma in na bari, littafina ƙarya ne. Ko ni ne na zaƙe?

Mai neman mafita, Zariya

Malam, ka nutsu. Ba ka zaƙe ba. Abin kunyar na wanda ya sayar da mutum ne, ba na wadda aka sayar ba. Amma tsoron yayarka ma gaskiya ne, ta fi ka sanin bakin unguwa, kuma Sumayya ce za ta sha maganar, ba kai ba.

Kada ka rubuta yanzu. Ka bar shafin ba rubutu, farin shafi ba ƙarya ba ne. Ka je ka ba Yaya haƙuri, ka yi mata alkawarin ba za ka sa komai ba sai da yardarta.

Na kuma lura ka gano tushen kalmar Turawa, amma ba ka ambaci sunan baiwar Allahn nan ba. Ka tambayi Yaya sunanta, ka yi mata sadaka ranar Juma'a. Allah Ya jiƙanta, Ya daidaita tsakaninku.