Maɓallin da Ka Ɓoye a Mota

Ɗana Sani,

Gaisuwa mai yawa. Ya aiki, ya iyali, ya Fatakwal? Ƙannenka lafiya, ƙafata da sauƙi. Babanka ne ya faɗi a gona, bakinsa ya karkace, ba ya magana.

Likita ya ce a kai shi Katsina Alhamis ta sama. Tsohuwar motarsa kuwa sai gurnani, ta ƙi tashi. Bakanike daga Kankiya ya ce akwai mai, batir lafiya, wuta ce ba ta isa fulogi. Sai na tuna maɓallin yanke wuta da ka ɓoye a motar saboda ɓarayi. Babanka kaɗai ka nuna wa, ni ka ce ba harkar mata ba ce.

Ina maɓallin yake? Ka aiko amsa kafin Laraba. Ka yi wa babanka addu'a, ka gaishe da matarka.

Ni ce mahaifiyarka, daga Yashe, da hannuna na rubuta.