Abincin Akuya

Litinin, 4 ga Afrilu 1994
Madeleine, kukun gidan abincin nan na unguwar Rumde Ajiya, ta cika mini bokiti da ƙanzo da ragowar shinkafa. Wai, "Dada, a gaida akuya." Na ce tana amsawa. Wace akuya? Ta tafi kasuwa tun da darajar kuɗinmu, sefa, ta faɗi. Akuyar yanzu ƙafa biyu gare ta: ni da jikokina, Ummi da Hawa'u. In shanya, in jiƙa, in sa yaji. Ummi ta ce tuwona ya fi na kowa. Yarinya ba ta san tuwo ba.

Alhamis, 7 ga Afrilu
Sabon patron, mai gidan abincin, ya zo. Ya ga abin da mota ke kwashewa zuwa juji, wai ya ji ciwo. Allah ya ƙara masa ciwon.

Talata, 12 ga Afrilu
Ashe ciwon a kaina zai sauka. Ya hana zubar da komai, wai duk na dabbobi ne. Yau bokitina har da ɓawon doya, ƙayar kifi, ruwan wanke-wanke. Ya tsaya yana murmushi: "Mama, akuyarki za ta yi ƙiba!" Na ce har ta fara rawa. Na tsince abin da ya tsintu.

Asabar, 16 ga Afrilu
Hawa'u ta yi amai.

Juma'a, 22 ga Afrilu
An ba Jules mai aladu na ƙetaren gada duka ragowar. Patron ya ce akuya ɗaya ba ta cinye durom. Gaskiyarsa. Yanzu ko ƙwaya ba ta zuwa juji, kowa sai yabon patron. Na buɗe baki in ce... sai na ce aladun su ci lafiya. Na dawo da bokiti yana ƙara.
Ummi ta ce in yi tatsuniya. Ban yi ba.

Litinin, 25 ga Afrilu
Da la'asar sai ga Madeleine a ƙofata, da kwano a rufe cikin zani. Abincinta ne na rana, na gane kwanon. Ta leƙa tsakar gida, ga turke ba igiya. Sai ta ce, "Dada, na akuya ne. Na sa mata yaji."
Na nemi abin tsokana, babu.
Na karɓa da hannu biyu. Gobe ni zan mayar da kwanon, ba bokiti.