Ban Warkar da Ita Ba

Laraba, bayan isha'i, Makoda

Yau na karanta wa Yaya Binta ƙarshen labarin soyayyar da nake rubutawa tun da na gama jami'a. Sati biyu ina fargaba, domin ciwon sikilarta na ɗora wa jarumar ban tambaye ta ba. Masu bin labarin a waya sun dage sai ɗan sarkin aljanu ya warkar da ita kafin biki. Na ƙi. Da ciwonta ya aure ta, yana gasa mata ƙafa da ruwan zafi.

Da na kai ƙarshe, Yaya ta ce, "Auta, aljanin nan zai ƙona ta. Ki sa ya sirka ruwan."

Layi ɗaya tak na gyara. Sai ta ce in sake karanto mata daga farko.