Shafi na Tamanin da Huɗu

Litinin, 3 ga Maris
Yau na fara littafin da 'yan ajin ƙarshe. Shekara ashirin da biyu ke nan ina koyar da shi, amma wallahi har gobe in na zo inda Mai Fito yake tsaye bakin kogi yana kallon ana kafa ginshiƙan gada, sai tsigar jikina ta tashi. Marubucin nan, Allah ya jiƙansa, ya san ɗan Adam. Ko sau ɗaya bai ce tsohon tsoro yake ji ba. Cewa kawai ya yi tun ranar da aka fara gadar, sau uku yake ɗaure kwalekwalensa kafin ya tafi gida. Shi ke nan, ya gama da kai.

Laraba, 5 ga Maris
Asibiti. Likita ya ce yanar ido ta gama rufe na dama, ta kama hanyar na hagu. Wai aikin bai fi minti ashirin ba, amma in na ƙara ja, zai yi wuya. Ya rubuta mini 25 ga wata a kati. Na ce sai bayan jarrabawa. Ya ce, "Malama, bara ma haka kika ce." Yaro da baki! Na cusa katin cikin littafin. Ban faɗa wa Auta ba, don 'yar nan tawa in ta ji, ba ni da sauran sakat.

Juma'a, 7 ga Maris
Wuƙa a ido. Ido fa.

Talata, 11 ga Maris
Darasi ya yi daɗi yau. Na nuna musu yadda Mai Fito ya hana ɗansa aikin gada, ɗan ya yi fushi ya koma ƙetare, aka haifi jika can, tsohon ya mutu bai gan shi ba. Taku ɗari biyu ne tsakaninsu. Ba ruwa ne ya ci shi ba, ba yunwa ba, taurin kai ne da tsoro. Na faɗa da ƙarfi har ina buga tebur. Wata a baya ta yi hawaye.

Ba wanda ya san ba karantawa nake ba. Littafin a kaina yake. Ina riƙe shi ne kawai, ina juya shafi in lokacin juyawa ya yi. Wannan ma da nake rubutawa, layi biyar ke cika mini shafi.

Alhamis, 13 ga Maris
Kunya ta ishe ni yau.

Shugabar makaranta ta raba sabon bugu, har da nawa ta ajiye mini a tebur, ni kuma na bar tsohona a gida. Na ce su buɗe shafi na tamanin da huɗu, na ɗaga littafin na kama karatu, murya tar, har da tsayawa inda waƙafi yake. Na kusa kai ƙarshe kafin na ji ajin ya yi tsit, irin tsit ɗin da ba na sauraro ba. Sai mai zaman gaba ta ce a hankali, "Malama, a namu hoto ne a wurin." Ashe sabon bugun shafukansa sun canza. Na kawo shi dab da hancina, na juya gaba, na juya baya. Hazo kawai. Ba wanda ya yi dariya, kuma da sun yi da ya fi mini sauƙi.

Shugaba ta kira ni ofis. Ba ta yi faɗa ba. Ta ce ba ta taɓa ganin wanda ya haddace littafi haka ba, amma takardun jarrabawa ba sa haddatuwa, wa zai duba su?

Asabar, 15 ga Maris
Auta ta tsinci katin tana kakkaɓe tsohon littafin. Na sha magana. Na ce mata ni na haife ta, ba ita ta haife ni ba. Ta ce to, ta ji.

Laraba, 19 ga Maris
Bayan la'asar Auta ta zauna ta karanta mini daga sabon bugun, wai don in san inda shafuka suka koma. Da ta zo inda matar Mai Fito ta hau gada za ta ga jikanta, sai na ji wata jimla da ban sani ba: ƙafafunta na rawa, ta kama ƙarfen gefe, ba ta saki ba har ƙetare. Na ce ƙari suka yi, 'yan zamani ba sa barin abu yadda yake. Auta ta ɗauko tsohona ta duba. Tana nan. Har na ja mata layi da jan biro, Allah kaɗai ya san wace shekara.

Ni da nake cika baki na haddace, ashe na yar da ita a hanya. Shekara da shekaru ina gaya wa yara matar jaruma ce, ba ta san tsoro ba. Ashe tsoron nasu ɗaya ne da mijin. Ita dai ta taka. Kai, marubucin nan. A jimla ɗaya ya ɓoye littafin gaba ɗaya, kuma ya fi ni sanin abin da nake koyarwa.

Asabar, 22 ga Maris
Har yanzu in na tuna wuƙar, sai in rufe idon da tafin hannuna.

Litinin, 24 ga Maris
Na gaya wa 'yan aji wata malama za ta riƙe su kwana biyu, kada su kuskura su wuce babin gada, akwai gyaran da zan yi musu. Ba wai na yarda ba ne. Jaka dai Auta ta haɗa, zane biyu da silifa da katin, ta ce in ɗaure bakinta. Na ɗaure sau ɗaya, hannuna ya koma zai ƙara, na janye shi. Ta ce gobe ƙarfe bakwai za mu fita. Na ce ta riƙe mini hannu a matakala, ba don komai ba, santsi gare ta.