Ɗan Sojan da Na Zaunar a Gefen Tanka

Baba,

Ina gaishe ka da kyau. Ya gwiwar, ta lafa? Ya Inna da su Auta?

Don Allah ka kwantar wa Inna da hankali. Tankar yaƙin da ta ji ina aiki da ita ba ta fi tafin hannunka ba. Gidan tarihi ne ya ba shagonmu aikin ƙera ɗan ƙaramin filin daga, ni kuma aka sa ni a gwaji. Da garin katako da gam nake haɗa lakar filin. Idanuna kan yi ruwa, warin fenti kuma yakan hana ni cin abinci, amma da sauƙi.

Jiya mai shagon ya ga ɗan sojan da na zaunar a gefen tankar, ba takalmi, yana ɗinke rigarsa. Ya ce, "Ina bindigarsa?" Na ce, "Mahaifina tsohon soja ne. Ya ce a can jira ya fi harbi yawa." Ya daɗe yana kallo, sannan ya ce in ƙara wa ɗan sojan aboki. An ɗauke ni aiki, Baba.

Ka ci gaba da sa mini albarka.

'Yarka