Sakiyar da Aka Yi wa Inna

Assalamu alaikum Yaya Sa'adatu,

Ina fatan kina lafiya. Ya aiki, ya sanyin ƙasar? Ya Malam da yara? Mu nan Durba sai godiya.

Kumburin wuyan Inna da likita a Kano ya ce ciwon daji ne, ranar Laraba aka yi masa sakiya. Ina gona Kawu Bello ya kawo wanzami daga Fassi. Da na dawo, tun daga zaure na ji ihunta da ƙaurin nama. Na tarar an danne ta, ƙarfe ja wur a wuyanta. Ban san sanda na kwaɗa wa wanzamin ƙotar fartanya a kafaɗa ba. Kawu ya mare ni, na shaƙe shi, sai da maƙwabta suka ɓamɓare hannuna. Kawu cewa yake, "Haka muke yi wa shanu su warke." Inna saniya ce?

Yanzu wurin ya buɗe, sai ruwa yake. Jiya ina wanke mata na ba ta labarin aikinku na binciken maganin ciwon daji, cewa kuna ɗaukar maganin da tun asali ya san hanyar ciwon, ku ɗora masa haske mai ƙuna, ya cinye ciwon ya bar lafiyayyen nama. Ta ce, "Ashe wutar Sa'adatu tana da ido."

Ki sa ta a addu'a. Ni ma ki roƙa min sanyin zuciya, don har yau ban gaida Kawu ba. Ki gaida Malam.

Inna ta ce ki yi sauri da maganin nan.

Ƙaninki,
Habibu